Na Koma Gidana Tun Bangon Bai Bushe Ba

Ranar da muka koma gida bayan ambaliyar Maiduguri, a makon ƙarshe na Disamban 2024, duk abin da muka mallaka a duniya bai cika Keke Napep biyu ba. Katifa biyu na taimako, sabuwar ledar ɗaki a nannaɗe, tukwane uku, kan keken ɗinkina a cikin buhu, sai jaka guda ta tufafi waɗanda rabinsu na mutane ne aka ba mu. Inna tana rungume da butarta, ko a hanya ta ƙi yarda a haɗa mata ita da sauran kaya. Hazo ya sauko sosai ran nan, rana ta yi fari fat kamar faranti, duk wanda ka gani a layi ya naɗe kai da wuya sai ido. Na sa makulli na buɗe sabuwar ƙofar ƙarfe, warin fenti ya tare ni. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi don yara su ji. Muryata ta dawo mini daga bango kamar na yi magana a cikin rijiya.

Ba a yi mako uku da wannan ranar ba, saura ƙiris in rasa uwata da 'ya'yana biyu a ɗakin nan. Ba ruwa ba ne, ba cuta ba ce, aikin hannuna ne. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Amma bari in faro daga baya.

Ni haifaffiyar Gwange ce a Maiduguri. Babanmu mutumin Haɗejia ne, fataucin banda ya kawo shi Borno tun yana saurayi, yana saro kifin Baga yana aikawa Kudu, har ya yi aure ya zauna. Ina da shekara goma aka yi ambaliyar 1994. Abin da na riƙe daga wancan lokaci kaɗan ne: hannuna a gefen zanen Inna, ruwa har ƙuguna, da wata akuya da aka ɗora a kan katanga tana ta kuka. Bayan nan manya suka riƙa cewa irin wannan sau ɗaya mutum kan gani a rayuwarsa. Muka yarda. A unguwar na girma, a nan aka yi mini aure, layi huɗu ne tsakanin gidanmu da ɗakina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bakanike ne. Gidan nan da kaɗan-kaɗan ya gina shi, in ya samu ya sayi bulo hamsin a jera, in bai samu ba a jira wani watan. Ya gama ɗaki biyu na siminti. Ɗaki na uku da kicin da katangar baya kuwa na ƙasa ne, da niyyar sai hali ya yi. Hali bai yi ba ya rasu, a 2021, bayan jinyar kwana tara. Ya bar ni da yara uku da keken ɗinki. Da na fita takaba Inna ta dawo wurina, da yake ita ma Baba ya riga mu gidan gaskiya. Haka muke lallaɓawa da ɗinkin atamfa da kayan 'yan makaranta. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Ba zan tsaya a kan daren nan ba. An ba da labarinsa da yawa, kuma har yau in na tsawaita sai ƙirjina ya riƙe. Babban ɗana, lokacin yana da shekara 16, shi ya goya Inna. Ni na ɗora auta a wuya, 'yata tana riƙe da hijabina. Da rana ta ɗaga motar sojoji ta kwashe mu. Mun yi kwana shida a sansanin Bakassi, wanda aka rufe tun 2021 aka sake buɗe shi saboda irinmu, kafin yayana ya gano inda muke ya ɗauke mu zuwa gidansa a Bulumkutu.

Sai da aka yi kusan mako uku na iya taka ƙafa a layinmu. Ana ta gargaɗi a kan macizai da kadojin da ruwa ya fitar daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, don haka ɗana ya shiga gaba da sanda. Ɗakin ƙasa da kicin da katangar baya duk sun narke, sun zama tudun taɓo guda. Ɗakuna biyun siminti suna tsaye, da zanen ruwa a jikinsu daidai kafaɗata. Buhun masarar da na saya kafin ruwa ya tsiro ta cikin saƙarsa, kore shar, a tsakiyar wari. Na buɗe akwatin maigidana, na tarar hotunanmu sun manne da juna sun zama kamar allo. Na gwada ɓamɓaro ɗaya, sai fuskarsa ta biyo yatsana. Na zauna a kan taɓon nan na yi kukan da ban yi ba ko a sansani.

Zaman Bulumkutu shi ne ya kamata in yi bayani a kansa, don shi ya tunzura ni. Yayana bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Matarsa ma, tsakanina da Allah, ta yi abin da ba kowace mace za ta yi ba: ta bar wa Inna gadonta, ita ta koma ƙasa. Amma mu biyar muka faɗo a kan su takwas, ɗaki uku, banɗaki ɗaya, a shekarar da litar fetur ta haye naira dubu, kwanon shinkafa kuma ya gagari mai albashi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ƙananan maganganu ne, wa ya ƙarar da omo, ɗan wa ya bar famfo a buɗe. Wata safiya na ji ta tana ce wa 'yarta a kicin, ba ta san ina bayan ƙofa ba, "A rage hannu, mu ma ba mu san ranar tafiyarsu ba." Ba ƙarya ta yi ba. Amma ga macen da ta kusa shekara ashirin da ɗakin kanta, kalmar nan ta tsaya mini a maƙoshi kamar ƙayar kifi. Tun daga ranar na sa wa kaina wa'adi: kafin shekara ta ƙare ina gidana, ko a kan taɓo zan kwana.

Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal na aurena, waɗanda Allah ya sa suna cikin lalitar Inna daren ruwa. Na roƙi uwar adashe ta ba ni ɗauka tun kafin layina ya zo. Na haɗa da tallafin da aka raba, Yaya ya ƙara abin da ya iya. Lokacin magina sun yi tsada, rabin gari yana nemansu. Na farko ya karɓi kafin alƙalami, ya kawo yashi, ya yi aikin kwana biyu, daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Na bar shi da Allah.

Na biyu dattijo ne, wani maƙwabcin Yaya ya haɗa mu. Baba nake ce masa. Ranar farko bai taɓa cebur ba. Ya zagaya ɗakunan yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, sannan ya ciro farar leda daga aljihu, ya manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, ya ce gobe mu haɗu. Washegari ya ɗaye ledar ya nuna mini. Cikinta ya yi raɓa, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya.

Ya ce, "'Yata, bangon nan ya sha ruwa ya ƙoshi. Bulo rami gare shi a ciki, ruwan yana nan kwance. Ki bari in kankare filastar nan har sama da inda ruwa ya tsaya, mu bar shi tsirara hunturu ya busa shi. Bayan ƙaramar Sallah mu yi filasta, a shafa farar ƙasa. Fenti kam sai baɗi."

Na ce, "Baba, bayan Sallah? Afrilu ke nan fa."

Ya ce, "Sauri kan haifi nawa."

Ni kuwa ba abin da nake ji a kunnena sai "ranar tafiyarsu". Na ce ya kankare, amma kwana goma kawai zan iya ba shi. Ya girgiza kai, ya yi. Da aka zo fenti na dage sai na mai, mai ƙyalli, don wani mai shago ya ce mini ruwa ba ya ratsa shi. Baba ya ce, "Gaskiya ya faɗa miki, ba ya ratsa shi. To na cikin ta ina zai fita?" Na yi kamar ban ji ba. Tagogin katako da maigidana ya sa sun kumbura sun karkace, na sauya su da na alminiyam masu gilashi, irin waɗanda ake ja gefe, na hannu ne amma suna rufuwa gam. Aka sa ƙofar ƙarfe, aka sa silin roba, aka sake daɓe, aka tayar da katangar baya da bulo. Kicin dai rumfar kwano aka kafa, ɗaki na uku kuwa har yau filinsa ne kawai. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, kai, gidan ya fi da kyau. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Daren farko muka gane abin da muka shigo. Sanyin Maiduguri na sani tun ina yarinya: iskar nan da ke tasowa daga wajen Chadi da ƙurarta, da rana ka nemi inuwa, da asuba ka rasa inda za ka sa hannunka. Amma wannan daban ne. Sanyin hunturu busasshe ne, yana fasa leɓe da dunduniya. Na ɗakin nan jiƙaƙƙe ne, daga bango yake fitowa, daga ƙasa yake hawowa ta cikin leda da katifa ya shiga ƙashi. In ka jingina da bango minti biyar sai ka ji bayanka kamar an shafa masa ruwan randa. Ga ɗaki fayau, ba gado, ba labule, ba kabad, ba tarkacen nan na shekaru da ke riƙe ɗumi ba tare da mutum ya san suna yi ba. Da safe gilashin taga ya yi gumi ta ciki yana zuba, a tsakiyar hunturu, lokacin da wanki kan bushe kafin ka gama shanya.

Ruwan sha ma sai da ya zama aiki. Rijiyarmu ta haɗu da ruwan shadda, ga shi tun Oktoba aka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar, don haka ko bayan an yashe ta an zuba magani ban yarda da ita ba sai don wanki. Kullum sai mun jira mai moya, kamar yadda muke kiran 'yan garuwa a nan, sannan in tafasa na sha. Gwiwoyin Inna suka kumbura, sallah sai a zaune. Auta, mai shekara biyar, ya kama tari, in ya fara cikin dare sai ɗakin ya amsa. Na sayo musu rigunan sanyi da safa a gwanjo, ina shafe su da man kaɗanya har suna ƙyalli, duk da haka da asuba sai in tarar da shi ya dunƙule kamar kifin banda. Da hantsi kuwa duk mu fito tsakar gida mu jeru a jikin sabuwar katanga muna shan rana da kofin koko, kamar ƙadangaru.

Layin ma ya yi shiru. Gidan da ke kallonmu ba su dawo ba, sun sayar sun koma wata unguwa. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin lungu ta rasu a gidan 'yarta, ba ta ƙara ganin unguwar ba. Cikin dare in wani ya zubar da ruwa a kwata, sai auta ya zabura ya haye jikina yana cewa, "Umma, ya zo?" Duk wannan ban gaya wa Yaya ba. In ya kira sai in ce lafiya lau muke, gida ya yi daɗi.

Cikin mako na biyu na Janairu aka yi wasu kwanaki na muku-mukun sanyi. Ran nan tarin auta ya tsananta, Inna kuma na ji haƙoranta suna haɗuwa. Na hura gawayi a kasko a tsakar gida, na bari ya kama sosai, hayaƙin ya tafi, garwashi ya yi ja wur. Haka muka taso muka ga ana yi, in gawayi ya nuna sai a shigar da shi. Na kai shi ɗaki, na ja tagogi na rufe, na sa sakata. Akwai 'yar tazara a ƙasan ƙofa da iska ke shigowa, na ɗauko tsumma na cusa da yatsana tun daga wannan gefe har wancan. Ɗaki ya ɗau ɗumi a karon farko tun dawowarmu. Auta ya saki jiki, tarin ya lafa. Inna ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na kwanta ina jin na yi dabara.

Ni da Inna da 'yata da auta ne a ɗakin, babban ɗana yana ɗaya ɗakin shi kaɗai. Inna tana da al'adar tashi nafila wajen ƙarfe uku, shekara da shekaru ba ta fashi. Ta ce ta farka kanta kamar ana sara shi da gatari, ta yunƙura za ta ɗauki buta, ƙasa ta juya da ita, ta faɗi a kan tukwanen da muke jerawa a gefe. Ƙarar tukwanen nan ita ta tashi ɗana. Ni ina jin ana dukan ƙofa ana kiran Umma, amma kamar daga wata unguwa. Na san ya kamata in tashi, jikina ya ƙi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, da rarrafe na isa ƙofar, na kama sakata sau biyu hannuna yana zamewa. Da ta buɗe sanyi ya bugi fuskata, na kife a bakin ƙofa.

Shi ya jawo mu waje ɗaya bayan ɗaya, yaron da wata huɗu kafin nan ya goya kakarsa a cikin ruwa. 'Yata tana ta amai. Auta kuwa ya saki, kansa yana lilo a hannun yayansa, ana kiransa ba ya amsawa. Wannan hoton ba ruwan da zai goge mini shi. Wani maƙwabci mai Keke ya fito da gajeren wando da bargo a kafaɗa, ya kwashe mu zuwa asibiti.

Aka sa wa auta da Inna oksijin. Da gari ya waye ya buɗe ido ya ce yana son shayi. Likitar da ta duba mu, yarinya ce ƙarama da ba ta kai ni shekaru ba, ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba tare da faɗa ba. Ta ce gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga ba ta fita, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba hayaƙin da ke sa ido hawaye ba ne, wannan ba ta da launi, ba ta da wari. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda muke cewa ya nuna, shi ma yana fitar da ita. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jinin ya yi ta zagaya jiki ba ya kai komai. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa sai dai ya zarce. Ta ce janareto a cikin ɗaki ko a lungun da ba iska shi ma haka yake kashewa.

Na ce mata, "Likita, shekara nawa muna kwana da kasko a ɗakin nan, ba abin da ya taɓa samunmu."

Ta ce, "Ɗakin ne bai canja ba?"

Nan na yi shiru. Tsohuwar tagar katako ko an rufe ta kana hango hasken waje ta tsaginta. Tsohuwar ƙofa ba ta taɓa zama daidai a gurbinta ba. Ba silin, tsakanin kwano da bango akwai inda tsuntsu ke shiga. Duk abubuwan nan da na shekara ina yi wa maigidana mita a kansu, su ne suke fitar da gubar muna barci. Na zo da kuɗin sarƙata na toshe su ɗaya bayan ɗaya, 'yar tazarar ƙasan ƙofa da ta saura kuma na cusa mata tsumma.

Yaya ya zo asibiti ransa a ɓace, ya ce, "Ki tattara ku dawo, ban son jin wata magana." Na ce ya yi haƙuri. Wannan karon ba zuciya ba ce. Gidan da aka bari ba kowa a lokacin, kafin mako guda an cire masa ƙofa da taga, wani har kwanon rufi. Ba ni da wata sarƙar da zan sayar.

Washegarin sallamarmu sai ga matar Yaya da barguna biyu masu nauyi, da fulas na kunun gyaɗa, da kwalbar turaren wuta. Ta zauna a kan leda ta taɓa bango, ta janye hannu da sauri. Ta ce, "Anti, a cikin wannan kuke kwana? Me ya kore ki haka?" Na gaya mata abin da na ji a bayan ƙofar kicin. Na zaci za ta musa. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Na faɗa. Ranar mudu biyu ya rage a buhu, kuma albashi saura kwana goma sha ɗaya." Muka yi kuka mu biyu, Inna tana daga kwance da hannunta a ɗaure tana cewa mu yi wa mutane shiru. Da ta faɗa mini zancen mudu biyun nan tun a lokacin, ko da ni na tambaya, da wataƙila na bar bangon ya sha iskarsa.

Baba magini ya ji labari ya zo da kansa, da guduma da kurfi. Bai ce ai na gaya miki ba, kuma na fi jin nauyin shirun nan a kan faɗa. Ya fasa bango a saman ƙofa, ya fasa wani a bangon da ke kallonsa, can sama kusa da silin, ya sa bulo mai huda ya rufe da raga saboda sauro. Haka ya yi wa ɗakin ɗana. Na kawo kuɗi ya ƙi karɓa, shayi kawai ya sha. Da zai tafi ya ce, "'Yata, hunturun nan da kike gudu shi ne maganin ɗakinki. Rana na fitowa ki buɗe komai."

Haka muka koma yi. Ƙarfe tara na safe a wangale tagogi da ƙofa, a fitar da katifu rana, a ɗage leda a bar daɓe ya sha iska. Ƙura ta shigo ta kwanta a kan komai, mu share da yamma, gobe ta dawo. Kafinta ya haɗa mana ɗan dandamalin katako muka ɗora katifu, muka janye su daga jikin bango. Kasko ya koma tsakar gida, a nan muke jin ɗumi bayan isha'i, in za a kwanta a kashe shi da ruwa. Inna da auta kuma ina cika musu jarka ƙarama da ruwan zafi, in naɗe da zane in sa musu a ƙafa. Ɗakin bai yi ɗumin daren nan ba, ko kusa. Amma kowa yana tashi da safe.

Fentin da na dage a kansa kuwa, kafin ƙarshen Janairu ya fara kumbura, ƙuraje-ƙuraje kamar bayan wanda ya ƙone. In ka latsa sai ya fashe, wani farin gari kamar kanwa ya zubo. Baba ya ce gishirin da ruwa ya narkar a cikin bulo ne yake fitowa. Abin mamaki, kumburin bai wuce kafaɗata ba. Zanen ruwan da na biya kuɗi aka rufe ya dawo da kansa, layi guda ya zagaye ɗakin. Na daina jin kunyar baƙi su gani. Kusan duk gidan da ka shiga a layinmu akwai irinsa.

Kan keken ɗinkina ya yi tsatsa har allura ba ta motsi. Wani mai gyara ya jiƙa shi a kananzir kwana uku, ya warware shi ƙusa-ƙusa, ya sauya abin da ya mutu. Aka fara azumi ranar 1 ga Maris 2025, sanyi ya riga ya ja baya, mata suka fara kawo ɗinkin Sallah, waɗansu da atamfa ɗaya tak, don ita ce farkon sabon zanen da suka saya tun ruwa. Ranar da na fara taka keken a ɗakin nan, na lura muryarsa ba ta dawowa daga bango kamar da. Labule ya hau, ga barguna, ga buhunan ƙyalle, ga takalman yara a ko'ina. Warin fenti ma ya tafi, turaren matar Yaya da hayaƙin girki sun ci ƙarfinsa.

Damina ta zo, ban yi barcin kirki ba har ta wuce. Na haɗa takardun gida da na makarantar yara a leda biyu cikin jaka, na rataye a ƙusa kusa da ƙofa, har yanzu tana nan. Ruwan farko ya nuna mini kusurwar da kwano ke yoyo, na sa roba a wurin, na kama kaina ina mita ni kaɗai kamar yadda nake yi wa maigidana. Auta ya rage zabura, ko da yake in aka yi tsawa har yanzu jikina yake nema. Bashin adashe na gama biya a watan Agusta.

Da hunturu ya sake zagayowa Baba ya dawo ya manna ledarsa, washegari ta fito a bushe. Ya kankare fentin mai ɗin gaba ɗaya, ya gyara filasta, ya shafa farar ƙasa. Ba ta ƙyalli, in ka jingina ma sai ta ɗan shafa maka fari a riga. Kuɗin da na kashe sau biyu a bangon nan da ya isa a tayar da rabin ɗaki na uku.

Rigimar da ta rage mini yanzu da Inna ce. Ita fa har gobe ba ta yarda da hudar nan ta saman ƙofa ba, ta ce ta nan sanyi ke sauko mata a gwiwa. In ta ga na shiga kicin sai ta sa auta ya hau kujera ya cusa tsumma da sandarta. Ni kuma kowane dare, bayan na kashe kasko na sa sakata, sai in ɗauki sandar in zaro shi. Tana jina, ta juya fuska bango ta ce, "Ke dai ba kya jin magana tun kina yarinya."